Turancin da Na Koya wa Masta Wu

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da safiyar Litinin ɗin da na je karɓar makullin mota aka miƙo mini takardar tuhuma a madadinsa. Abin da aka rubuta a ciki, wai na koya wa ɗan Cana Turancin banza da gangan don in tona wa kamfani asiri. Ni Haruna, da karatuna na boko ya tsaya a aji huɗu na firamare. A ƙasan takardar an ce in zo in kare kaina ran Laraba, in ban gamsar ba a bakin aikina. Na fi shekara goma ina tuƙi a kamfanin nan ban taɓa goga wa mota fenti ba, ga shi za a kore ni a kan aikin malanta.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, na ji yadda ake ba ku labarin a gareji, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Bari ku ji daga bakin mai shi.

Ga wanda bai san wurin ba, kamfaninmu na fasa dutse ne, can cikin daji bayan Garatu. A sama akwai Manaja, ɗan Cana. A ƙarƙashinsa akwai 'yan ƙasarsu huɗu masu kula da injuna, su muke kira Masta. Sai Admin, wanda shi ɗan ƙasa ne, Oga Yusufu, a hannunsa ɗaukar ma'aikata da sallamarsu da sayen kayan gyara suke. Daga nan sai fomanoni, sai mu direbobi, sai leburori. Aikina shi ne in baro gidana a Barkin Sale da sassafe, in ɗauki a-kori-kura, in ɗauko Masta Wu daga gidan da kamfani ya kama musu a cikin gari in kai shi wurin aiki, da yamma in maido shi. Shi ke riƙe da babban injin niƙa dutse.

Masta Wu sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Gajere ne, hannuwansa duk kanta, ga shan taba. Daga baya na gane shi ma ɗan ƙauye ne a can ƙasarsu, bai yi wani karatu mai nisa ba. Tun ranar da na fara ɗaukarsa, da ya zauna sai ya fito da waya. Akwai wani abin koyon Turanci a ciki. Wayar ta nuna masa hoto da rubutun yarensu, muryar wata Baturiya ta faɗi kalmar, shi kuma ya maimaita. In ya dace ta yi ƙara mai daɗi, in ya kuskure ta sa shi ya sake. Tun daga gari har Garatu haka nake shan wannan karatu.

Wata rana na leƙa hotunan. Dusar ƙanƙara. Jirgin ƙasa mai bin ƙarƙashin ƙasa. Wata mata tana sayen fure. Mutum ya haddace duk waɗannan tsaf, amma in ya sauka a wurin aiki ba shi da kalmar da zai ce wa lebura ya matsa ko ya kashe inji. Sai nuni da hannu, sai ihu, yara kuma su juya baya suna dariya.

Ba wai kamfani bai ɗauki malami ba. An ɗauka. Ƙanin matar Oga Yusufu ne, mai digiri, muna ce masa Ticha. Talata da Alhamis da yamma ya kamata ya je gidansu ya koya musu. Ni ake aika wa in ɗauko shi a Kpakungu, don haka babu wanda zai gaya mini zuwansa. Ya je a farkon-farko, ya cika musu allo da rubutu. Daga nan in na kira shi sai ya ce yana Bida, ko yana biki, ko ya ce in wuce zai biyo ni a acaba.

Yadda ni na shiga ciki, babu wanda ya sa ni, wannan gaskiya ne. Cunkoso ne ya tsare mu a Kpakungu wata safiya, Masta Wu ya nuna wani mai faci a bakin titi, ya yi mini tambaya irin ta cikin wayarsa, doguwa, har sai da ya maimaita kafin na gane sunan abin yake so. Na gaya masa. Na ce kuma in yana son a gane shi da sauri a nan, cewa ake yi, "Wetin bi dis?" Ya gwada a kan sitiyari, na amsa. Ya gwada a kan madubi, na amsa. Mutumin nan ya yi dariya kamar an ba shi kyautar gona.

Ban ɓoye masa komai ba. Na sa wayarsa ta fassara masa, na ce ni Turancina buroka ne, a tasha da wurin masu sayar da kayan gyaran mota na tsince shi, ba shi ake yi a ofis ba. Ya karanta, ya rubuta amsa, wayar ta ce da ni, "Shi leburori suke ji?" Na ce shi. Ta ce, "To shi nake so."

Sunan abu mai sauƙi ne, nuna shi za ka yi. Wahalar tana wajen ma'ana. Yaya za ka gaya wa mutum ma'anar kalma alhali ba ku da yaren da kuka haɗu a kai? Sai da jiki. Ranar da ya tambaye ni abin da ake nufi in an ce inji ya ci mutum, karan rake na sa a ƙofar mota na rufe da ƙarfi na nuna masa. Ranar da ya tambayi lalaci, na rage gudu a bakin get na nuna masa maigadinmu yana sharar barci da rediyo a ƙirji. Akwai kalmomin da na kasa, in ce masa ban sani ba, ya ce ba komai. Shi kuma bai san kunya ba a wajen koyo. Kalma ɗaya zai yi ta nanata ta har sai na ce masa don Allah ya bar ni in ji ƙarar injina.

Kafin damina ta fita, Masta Wu yana ba leburori umarni su ji, yana yi musu ba'a su rama, yana tsayawa a Garatu ya yi cinikin doya da matan nan har su ce ya fi su wayo. Kuma Oga Yusufu ya san da wannan duka. Ya sani ƙwarai. In ya yi baƙi a ofis har aikawa yake a kira shi, ya ce, "Masta, zo ka yi musu Turancin Haruna." Su yi ta dariya suna ɗaukarsa a waya. Lokacin ba laifi ba ne, abin nishaɗi ne.

To, a jikin injin niƙan akwai wani dogon bel mai jan dutse, kuma akwai murfin ƙarfe da ke rufe wurin da yake naɗewa, don kada ya kama riga ko hannu. Murfin nan ya karye tun kafin ruwan farko. Ni da kaina na sha tsayawa da Masta Wu a ƙofar ofis ya shiga ya yi maganar, ya fito yana girgiza kai. Kullum Oga Yusufu sai ya ce an yi oda, yana hanya. Leburori kuwa a gefen wurin suke shebur daga safe har yamma.

Sai aka aiko cewa masu duba lafiyar wurin aiki za su zo daga Abuja. Ku da ba ku taɓa ganin zuwansu ba, ga yadda muke yi. A share fili, a yayyafa ruwa, a fito da sababbin hulunan kwano daga sito a raba, in sun tafi a karɓe a mayar. Ticha ma ya bayyana, da takarda a hannu. Ya rubuta wa Masta Wu jawabin da zai yi a gaban injin, da Turancin manya. Su 'yan Cana wajen hadda ba dama. Masta Wu ya riƙa biya ta a mota safe da yamma kamar mai shirin saukar Alƙur'ani. Ya tambaye ni ma'anar wasu kalmomin ciki, na duba, na ce Masta, waɗannan sun fi ƙarfina. Ya ce Ticha ya ce ba sai ya san ma'ana ba, ya dai faɗa. Wurin bel ɗin kuma Oga Yusufu ya sa aka lulluɓa tamfol.

Suka zo ran Alhamis. Shugabarsu wata mata ce mai ɗan shekaru, da tabarau, ba ta ɗaga murya. Ina tsaye a jikin mota ina kallo. Masta Wu ya karanto haddarsa daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, Oga Yusufu yana ta gyaɗa kai. Matar ta saurara, ta ce madalla. Sai ta nuna tamfol ta ce mene ne a ƙarƙashinsa.

Wannan babu shi a takardar Ticha. Oga Yusufu ya yi caraf ya fara bayani, ta ɗaga masa hannu ta ce mai injin ta tambaya. Masta Wu ya dubi Oga, ya dubi leburorin da ke tsaye da sababbin huluna. Sai ya ce, "Madam, i no get koba. I fit cop pesin han." Wato ba shi da murfi, zai iya cin hannun mutum.

Matar ta cire tabarau ta dube shi. Sai ita ma ta sauko ta koma buroka, ta tambaye shi tun yaushe, ya gaya mata. Ta ce ya kai ƙara? Ya ce ya kai, ya nuna wanda ya kai wa, wato Oga Yusufu. Kafin su tafi sun sa an kashe injin, sun ce ba za a tashe shi ba sai an sa murfi sun gani.

Litinin na karɓi takardata. Ƙa'idar kamfani, in an ba ka takardar tuhuma za a karɓe kayan aikinka har a saurare ka, don haka aka ba wani motar. An kuma ce kada in kuskura in yi magana da kowane ɗan Cana kafin ranar. Na koma gida da rana tsaka, abin da ban saba ba. Da na gaya wa mai ɗakina, ba ta ce sannu ba, cewa ta yi, "Kai da aka ɗauka tuƙi, Malam, wa ya aike ka?" A shekaruna, in an sallame ka da takardar cewa ka ci amanar kamfani, babu mai ba ka ko keken napep ya ce ka ja.

Ran Laraba na sa wankakkiyar rigata na tafi. Manaja yana zaune da kofin shayinsa, wayarsa a kan tebur, don shi ma Turancinsa bai taka kara ya karya ba, da ita yake magana. Oga Yusufu yana gefe da fayil ɗina. Ba a ce in zauna ba.

Oga ya fara, a hankali, yana lanƙwasa harshe don wayar ta ji. Ya ce Masta Wu bai san abin da ya faɗa ba. Ya ce direba ne ya zuba masa maganar a baki kamar aku, don yana jin haushin kamfani. Ya ce abin ma ba Turanci ba ne, yaren 'yan tasha ne, kuma an kunyata kamfani a gaban manyan baƙi. Wayar ta juya, Manaja ya karanta yana ɗaure fuska.

Aka ce in yi magana. Na yi, amma wayar ba ta jin irin Turancina. Abin da ta rubuta sai da Manaja ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi. Sai Oga Yusufu ya ce bari ya taimaka, in faɗa masa da Hausa shi ya gaya wa wayar. Ku duba wannan zama. Mai ƙarata shi ne tafintana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, murfin nan ni na karya shi?"

Ya ce, "Ba a tambaye ka murfi ba."

"To malamin da aka ɗauka domin wannan aiki, yana ina duk watannin nan?"

"Haruna, ka iya bakinka. Iyali gare ka."

"Da kake kiran Masta ofis ya yi wa baƙinka Turancina, ran nan ba yaren tasha ba ne?"

Oga ya juya ga wayar ya faɗi 'yar magana gajeriya. Ko ban yi makaranta ba na ji abin da ya ce: direba ya amsa cewa shi ya koya masa.

Ana haka aka turo ƙofa ba sallama. Masta Wu ne, da baƙin mai har gwiwar hannu, ba wanda ya kira shi. Ya yi wa Manaja magana da yarensu, da zafi, Manaja ya mayar masa da zafi. Ban san abin da suka ce ba, har yau kuma ban tambaya ba. Sai ya juyo kan Oga Yusufu ya buɗe masa buroka. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san abin da ya faɗa. Ya ce Haruna bai taɓa ce masa ya gaya wa kowa komai ba, shi ya tambaya aka amsa masa. Ya ce sau nawa ya zo ofishin nan a kan murfi? Ya ce in hannun yaro ya tafi, Oga ne zai ba shi nasa?

Oga Yusufu ya yi murmushi ya buɗe hannuwa wajen Manaja, ya ce, "Ka ji da kunnenka, ranka ya daɗe. Shaida ta kawo kanta."

Wallahi a lokacin addu'a nake Masta ya yi shiru. Mutum yana kare ni da zuciya ɗaya, amma duk kalmar da ta fito daga bakinsa tawa ce, har da yadda nake jan ta. Bai yi shiru ba.

Hayaniyar ta tara leburori a bakin taga, tunda inji a kashe yake ba su da abin yi sai kwashe tsakuwa. Manaja ya daka musu tsawa da yarensu, ya yi musu nuni da hannu, ko gezau. Masta Wu ya waiwaya ya jefa musu magana ɗaya, ya haɗa da sunan babbansu. Nan take suka watse, kowa ya ɗauki shebur ɗinsa. Na ga Manaja ya bi su da kallo ta taga, ya daɗe, sannan ya dubi Masta Wu, ya dube ni. Ya ja wayarsa ya yi ta rubutu.

Muryar wayar ce ta karanta mini hukunci. Ta ce a sayo murfi yau. Ta ce kamfani ya yi asarar kwanakin aiki, dole a rubuta sunan wani, don haka an ba direba gargaɗi na ƙarshe, za a sa a fayil ɗinsa. Na ce to, Alhamdu lillahi, aiki dai ya tsira. Ashe ba ta gama ba. Ta ce daga gobe, in an tashi aiki, direba zai zauna da sauran Mastoci uku ya koya musu Turanci.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce wa Oga, "Wane Turancin?"

Ya tambaya, aka ce irin na Wu.

Na ce, "Wanda aka ba ni gargaɗi a kansa yanzun nan?"

Ya turo mini takarda da biro ya ce, "Sa hannu, Haruna, kada ka ja magana."

Na ce to Ticha fa? Ya ce Ticha yana nan a matsayinsa, don dokar kamfani ta ce malami sai mai takardar shaida. Shi kansa Oga, ko tari ba a yi masa ba a gabana. Murfin da aka yi wata da watanni ana cewa yana hanya, kafin la'asar wani mai walda a cikin gari ya ƙera shi, ni aka aika na ɗauko.

Na sa hannu. Kada wani ya ce muku na yi jarumta na yaga takarda, ƙarya ne. Na sa hannu na karɓi makullina. Da yamma na ɗauki Masta Wu, muka kama hanya har muka wuce Garatu. Can ya ce mini in yi haƙuri. Na ce Masta, ba kai ka yi mini ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba don Turancina ya yi muni aka tuhume ni ba. Da bai fita ba, da matar nan ba ta gane ba, da har yau ana kiran Masta ofis ana dariya. An tuhume ni ne don an ji abin da ya faɗa. Jawabin Ticha da babu wanda ya san ma'anarsa, har mai karanta shi, shi ne bai ɓata wa kowa rai ba.

Ga abin da na koya, ku riƙe ko ku zubar. A aikin nan namu, duk abin da ka yi wanda ba ya cikin takardar ɗaukarka, in ya yi kyau na kamfani ne, in ya ɓaci naka ne kai kaɗai, kuma babu wanda zai tuna ya taɓa ganin kana yi. Ban ce in baƙo ya tambaye ku sunan abu ku yi masa shiru ba. Ni ko gobe aka tambaye ni zan amsa, don yaran da ke shebur a gefen bel ɗin nan 'ya'yan mutane ne, kuma gara mai injin ya iya ce musu su matsa. Amma ku sani ranar da magana ta tashi, wanda ya fi kowa ƙanƙanta a ɗakin shi za a rubuta. Ku kuma daina raina mutum don kalmominsa kaɗan ne. Duk cikin ofishin nan, mai 'yan kalmomin ne kaɗai ya buɗe baki saboda ni.

Gargaɗin yana nan a fayil ɗina, ba a cire ba. Kuskure ɗaya ya rage mini a kamfanin nan, ko fitilar baya na fasa an gama da ni. Kuma kullum in an tashi aiki, ku kuna tafiya gida, ni ina zaune a kan benci a bayan sito da manyan mutane uku da wayoyinsu, ina aikata laifin nan bisa umarnin Manaja.